Hajiya ta kamu da cutar mantuwa: ina za mu kai ta, kuma a kan wa kuɗin yake?

Wasiƙar da ta iso mu:

"Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar makaranta ce a Kano, ina da aure da 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarmu tana da shekara 76, a gidana take zaune tun bayan rasuwar mahaifinmu, kuma shekara uku ke nan da ta fara mantuwa. A watan jiya ta fita da asuba ba wanda ya sani, sai bayan azahar wani mai adaidaita-sahu ya dawo mana da ita. Ta taɓa barin gas a kunne, kuma kullum da la'asar sakaliya sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gidan babanta, wanda ya rasu tun ina goye. Yanzu har fitsari yana kufce mata. Na samu labarin wani gida mai zaman kansa da ke karɓar tsofaffi a kan naira 300,000 a wata. Yayana da ke Abuja ya ce abin kunya ne, ba za a fara wannan a zuriyarsu ba, ƙanena kuma ya ce sammu ne, a kai ta wurin mai magani. Mu biyar ta haifa, amma ni kaɗai nake kwana da ita. Tana da shaguna biyu da ake karɓar hayarsu. Na gaji, kuma ina tsoron kada Allah Ya kama ni da laifin saɓa wa iyaye. Yaya zan zaɓi wuri, kuma wa ya kamata ya biya?"

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya sauƙi, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan waɗannan shekaru uku. Zan fara da tsoron da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, domin na lura ya fi maganar kuɗin nauyi a zuciyarki. Abin da aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i suka ɗora wa 'ya'ya, idan tsufa ya riski iyayensu a wurinsu, shi ne kyautatawa da taushin harshe da tausayi, kuma umarnin ya hau kan ku biyar ɗin ne gaba ɗaya. Babu inda aka ce dole sai da hannunki ke kaɗai za ki yi kowane wanka da kowane tsarki har lafiyarki ta ƙare. 'Yar da ta ɗauko mai taimako ta biya ta, ko ta kai mahaifiyarta inda za a fi kiyaye ta alhali tana zuwa tana duba ta, ba ta yar da uwarta ba. Abin da ya cancanci a ji tsoronsa shi ne Hajiya ta sake fita wata asubar a rasa mai dawo da ita, ko kuma gajiya ta kai ki ga daka mata tsawar da za ki daɗe kina nadamarta.

Kafin a yi maganar gida, akwai matakin da ban gani a wasiƙarki ba, wato ganin likita. Abin da muke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa, idan ya kai ga mutum ya ɓata a unguwarsu, ya daina gane lokaci, ya kasa riƙe fitsari, to cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba ɗabi'ar tsufa ba ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan adadi nau'in nan ne da ake kira Alzheimer. Wani nau'in da ya kamata mu kula da shi a nan shi ne wanda hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, ta hanyar lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Ki gaya wa ƙanenki cewa Alƙur'ani da kansa ya ambaci wannan hali a aya ta 70 ta Suratun Nahli, inda aka yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Addu'a da karatu a kanta alheri ne, a ci gaba da yi, amma a daina neman wanda za a ɗora wa laifin sammu, domin wannan zargi ya raba zumunci a gidaje da yawa kuma bai taɓa dawo wa wata tsohuwa da tunaninta ba.

Ku kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau; waɗanda ke Kaduna suna da na Barnawa, na Sakkwato suna da na Kware. Dalilin wannan zuwa yana da ƙarfi: akwai abubuwan da ke kama da cutar mantuwa, ko suke ƙara tsananta ta, waɗanda kuma ana iya maganinsu. Daga cikinsu akwai ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, da ciwon damuwa, wanda ba zan yi mamakinsa ba ga matar da mijinta ya rasu, da cutar mafitsara, wadda takan birkita tsoho cikin kwana biyu, da taruwar jini a cikin kai bayan faɗuwa, har ma da raunin ji ko wasu magungunan da take sha. Ki tafi da duk ƙwayoyin da ke ɗakinta a leda, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, ki kuma rubuta abubuwan da suka faru da lokutansu. Idan likita ya tabbatar da cutar, zai iya rubuta mata magani irin su donepezil ko memantine, waɗanda sukan sassauta alamomin na wani lokaci ga wasu, amma ba sa warkarwa, kuma duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai kawar da ita gaba ɗaya to kuɗinki yake so. Ki roƙi likitan ya rubuta muku takarda mai bayyana matakin da cutar take da irin kulawar da Hajiya ke buƙata, domin da wannan takarda za ki auna kowane gida, da ita kuma za ki zauna da 'yan'uwanki.

Sai ki san cewa tafiyar mai nisa ce. Masu Alzheimer sukan rayu shekara huɗu zuwa takwas bayan an gano cutar, wasu ma fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma buƙatar tana ƙaruwa ne, ba ta raguwa. Saboda haka duk tsarin da za ku yi, ku yi shi da lissafin shekaru. Naira 300,000 a wata ita ce naira 3,600,000 a shekara, tun kafin a sa magani da kunzugun manya da kuɗin asibiti, kuma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake naira 70,000 tun 2024, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Babu abin da ya fi rikita mai wannan cuta kamar a kai ta wuri, ta fara sabawa, bayan wata biyar kuɗi ya yanke a sake ɗauko ta.

Game da wuraren da ake da su, gaskiyar magana ita ce gidajen da aka gina musamman domin masu cutar mantuwa ba su da yawa a ƙasar nan, a Arewa kuma sun fi ƙaranci. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi da ta fi suna, wadda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, sai a 2012 aka buɗe ta, hukumar tarayya ta kula da dattawa kuwa sai a 2021 ta fara aiki. Don haka kada ki ɗauka duk inda aka kafa allo aka rubuta gidan tsofaffi ya san yadda ake riƙon irin Hajiya. Asibitin ƙwaƙwalwa wurin gwaji ne da magani da kwanciyar ɗan lokaci idan rikicewa ta yi tsanani, ba mazaunin shekaru ba ne. Gidajen gajiyayyu na gwamnati an yi su ne domin waɗanda ba su da kowa, Hajiya kuwa tana da ku. Gidan mari da duk wani wuri da ake ɗaure mutum da sarƙa ko a kulle shi da sunan magani, wannan kada ma a kawo shi cikin shawara. Mun ga abin da aka bankaɗo a irin waɗannan wurare a Kaduna da Katsina a 2019, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo ne domin kare mutuncin marasa lafiya irin wannan.

Ra'ayina shi ne, kafin ku ɗauke ta daga gida, ku gwada kawo kulawar cikin gida na tsawon wata uku, amma kulawa ta gaske wadda ake biya, ba a ɗauko yarinya 'yar shekara goma sha biyu daga ƙauye a ce ta riƙa lura da ita ba. Mai cutar mantuwa tana dogara ne da abin da ta saba: ƙofar banɗakinta, kiran sallar masallacin unguwa, muryar jikokinta, ƙanshin turarenta. Ku nemi mata biyu manya masu haƙuri da ke jin Hausa, ɗaya ta rana ɗaya ta dare, domin mutum ɗaya ba zai iya awa ashirin da huɗu ba, kamar yadda ke ma kika gani a jikinki, sannan ma'aikaciyar jinya mai lasisi ta riƙa zuwa lokaci-lokaci tana auna jininta da sukarinta, tana duba fatarta, tana koya wa masu renon yadda ake yi. A sa sakata a can saman ƙofar waje inda idonta ba ya kaiwa, a rataya ƙararrawa, a riƙa kulle tukunyar gas da ɗakin girki, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare, a ɗinka lambar wayarki a mayafinta da hijabinta, a kuma sanar da mai unguwa da masu shagunan layinku. Rikicewar la'asar ɗin nan sananniya ce a wannan cuta. Idan ta ɗaure kaya ta ce za ta gidan babanta, kada a ce mata ya rasu, domin kowane lokaci sabuwar mutuwa ce a wurinta. A ce mata ta ba da labarinsa, a kawo mata kunu ko fura, a zagaya tsakar gida da ita, a ba ta tsintar shinkafa ko ninke kaya. Na ga wannan dabara ta yi aiki a kan goggona, Allah Ya jiƙanta, wadda sai an miƙa mata faifai da wake take ajiye ƙunshin kayanta.

Idan aka yi wannan wata ukun amma ta ci gaba da kufcewa, ko tana faɗuwa, ko ta kai ga kwanciya har gyambo ya fara fito mata, ko kuma zaman ya fara rusa aurenki da lafiyarki, to lokacin neman wuri ya yi, kuma babu laifi a kanki. A nan ne zuwa da kai ya fi aike. Ki je gidan da aka ba ki labari sau uku aƙalla, sau ɗaya da alƙawari, sau biyu ba sanarwa, ɗaya daga ciki da yamma liƙis, domin a lokacin ne ake gane ko ma'aikata sun san aikinsu. Ki nemi ganin takardar rajistarsu, ki kuma tabbatar da ita a hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu ta jihar Kano, wato PHIMA, ko a ma'aikatar da ke kula da jin daɗin jama'a, gwargwadon irin rajistar da suka ce suna da ita. Ki tambaya ma'aikata nawa ne ke kwana da tsofaffi nawa, ko akwai ma'aikaciyar jinya mai lasisi a kowane dare, wane likita ne ke zuwa kuma sau nawa, wane asibiti suke kai mutum idan abu ya taso da tsakar dare, kuma da wace mota.

Amma abin da idonki da hancinki za su gaya miki ya fi amsoshinsu. Idan zarnin fitsari ya tare ki tun daga ƙofa, ba a sauya wa mutane kunzugu a kan lokaci. Idan kika tarar da tsofaffin duk suna barci da hantsi, bakinsu a sake, to ki yi zargin ana ɗirka musu maganin sa barci domin a huta, kuma wannan haɗari ne na gaske, domin magungunan kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, shi ya sa likita kaɗai ke ba da su, kaɗan, na ɗan lokaci. Ki dubi wuyan hannuwansu da idon sawunsu ko akwai alamar ɗauri. Ki saurari yadda ma'aikaciya ke kiran tsohuwa, da "Hajiya" da "Baba" ne ko da "ke" da tsawa. Ki duba ko mata ne ke yi wa mata wanka, ko ana taimaka musu da alwala da sallah, ko akwai tuwo da kunu irin wanda suka saba, ko akwai sola ko janareto da ruwan sha a kusa da kowane gado, domin zafin Afrilu a Kano yana kayar da tsohon da ya manta da shan ruwa. Ki ga ko akwai tsakar gida mai katanga inda za ta yi yawo ba tare da an kulle ta a ɗaki ba. Gidan da ya ce ba a ziyara sai ranar Lahadi, ko ya hana ki wuce ofis, ki juya ki tafi. Kuma ki fifita na kusa a kan na nesa ko da na nesan ya fi kyan gini, saboda tsohuwar da 'ya'yanta ke leƙowa kullum ba a wasa da ita.

Kada ki biya ko sisi sai an rubuta yarjejeniya. A fayyace abin da ke cikin naira 300,000 ɗin da abin da ba ya ciki, musamman kunzugu da magani da wanki da kuɗin rakiya zuwa asibiti, a faɗi ko kuɗin zai ƙaru idan ta kai ga kwanciya, da sanarwar wata nawa za a ba ku kafin ƙari, da dalilan da za su sa su ce ku ɗauke ta, da abin da za a mayar muku idan ta bar wurin a tsakiyar wata. A rubuta cewa ba za a ba ta sabon magani ba sai da sanin likitanta da saninki. Ki fara da biyan wata ɗaya na gwaji, ki ƙi biyan shekara gaba ɗaya ko da an yi miki rangwame, kuma ki karɓi rasit kowane lokaci.

Yanzu sai wanda zai biya. Tushe na farko shi ne dukiyar Hajiya kanta. Hayar shagunan nan biyu, da tumunin da ta gada daga mahaifinku, da zinarenta idan tana da shi, duk nata ne, ba gado ba ne tukuna, kuma babu inda ya fi cancanta a kashe su kamar a kanta. Na san akwai gidajen da ake ƙin taɓa kadarar tsohuwa da sunan adanawa, alhali lissafin rabo ake yi a zuci, kuma wannan zalunci ne. Sai dai tunda hankalinta ya raunana, bai halatta kowa ya riƙa cire kuɗinta da katinta na banki yadda ya ga dama ba, ko ya dangwala yatsanta a takardar sayar da shago. Ku je kotun shari'a da takardar likita a naɗa mutum ɗaya amintacce a matsayin mai kula da dukiyarta, a buɗe littafi ana rubuta shiga da fita, ana tura hotonsa ga kowa a ƙarshen wata. Wannan kariya ce gare ki kafin kowa, domin wadda ta yi jinya ita ake fara tuhuma ranar rabon gado.

Abin da dukiyarta ta gaza, ya koma kan 'ya'ya. A mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'yan da ke da hali, maza da mata, kuma ana raba shi ne gwargwadon wadatar kowa, ba daidai wa daida ba. Ki kuma sani cewa ɗakin da kika bayar, da abincin gidanki, da dararen da kike raba ido biyu, da haƙurin maigidanki, su ma kaso ne, a sa su cikin lissafi. Ɗa ba ya ba mahaifiyarsa zakkarsa a madadin ciyarwar da ta wajaba a kansa, amma idan ƙarfinku duka ya gaza, babu aibu dangi na nesa su taimaka, ko a nemi Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, ko sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin koyarwa.

Inshorar lafiya tana rage nauyi, amma ki san iyakarta. Dokar 2022 ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma sanya tsofaffi cikin masu rauni da aka yi wa tanadi, a Kano kuma akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. Tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, uwa ba ta shiga sai an yi mata rajista ta daban, don haka idan yayanki ma'aikacin tarayya ne ya bincika wannan a wurin aikinsa, ke ma ki je ofishin KSCHMA ki tambaya. Abin da inshora ke ɗauka shi ne ganin likita da gwaje-gwaje da wasu magunguna da kwanciyar ɗan lokaci. Albashin mai reno da kuɗin zama a gidan tsofaffi daga aljihunku za su fito.

Yayanki kuwa, kada ki yi jayayya da shi a waya. Kunyar da yake ji ta bakin mutane ce, kuma ban raina ta ba, domin a cikinta akwai son mahaifiyarsa, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki nemi kawunku ko wani dattijo da duk kuke jin nauyinsa ya kira zama, ku biyar ɗin duka, a karanta takardar likita, a ajiye lissafin hanyoyin biyu a rubuce, na masu reno a gida da na gidan tsofaffi. Sannan ki ce masa cikin ladabi: "Yaya, na yarda kada a kai ta ko'ina, amma ga abin da zamanta a gida yake ci a wata, ga kuma kasonka, sannan ina roƙon ka zo ka kwana uku a ɗakinta kafin mu yanke shawara." A wannan zaman a tsayar da ranar da kowa zai riƙa turo nasa, da wanda zai riƙa kai ta asibiti, da wadda za ta karɓe ki kwana biyu a kowane mako, ko an ɗauki masu reno ko ba a ɗauka ba. Ke ma ki je a auna jininki a makon nan, sannan ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ki gaya mini matakin da ya ce cutar take da abin da 'yan'uwanki suka ɗauka.